Amana a Cikin Kwamfuta, Amana a Kasuwar Iddo

[Kiɗan buɗe shiri]

Gaisuwa ta musamman ga 'yan uwa na Iddo, Agege, Idi-Araba, Mile 12, Alaba Rago da Obalende, da direbobin da ke kan hanya suna jin mu a cikin mota. Allah ya sauke ku lafiya.

Ɗan kasuwa a Dawanau ta Kano yakan loda wake tirela guda, ya turo wa wani mutum a Iddo ta Legas. Tsakaninsu tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Ba uwa ɗaya ba uba ɗaya, babu takardar lauya, sau da yawa ko rasit babu. Na Iddo ya sauke kaya, ya sayar, ya cire la'adarsa, ya tura kuɗi. To me ya hana shi cinyewa?

Na san amsar da ke bakinku: tsoron Allah. Haka ne, kuma babu mai ja da wannan. Sai dai kasuwa ta tara kowa, da mai tsoron da marar tsoron, amma duk da haka harkar tana tafiya shekara da shekaru. Wannan ya sa wasu masana suka yi wata tambaya mai kama da ta rashin kunya. Suka ce, a cire tsoron Allah, a cire kunya da zumunci, a cire alƙali da ɗan sanda da sarkin kasuwa, a bar son kai tsagwaronsa. Amana za ta iya tsirowa a irin wannan fili? Tun da ba a iya cire wa ɗan Adam waɗannan abubuwa, sai suka ƙirƙiri 'yan wasa a cikin kwamfuta, 'yan ƙananan manhajoji da ba su san komai ba sai tara maki, suka haɗa su suka zuba ido.

Wasan da aka ba su ya samo asali a 1950, a cibiyar bincike ta RAND da ke Amurka, a hannun masana lissafi biyu, Merrill Flood da Melvin Dresher. Daga baya Albert Tucker ya sa masa labarin fursunoni biyu da aka raba wa ɗaki ana yi musu tambayoyi, sunan ya bi shi. Mu bar fursunonin, mu ɗauki lissafin kawai. Mutum biyu ne, kowanne zai zaɓi ɗaya cikin biyu ba tare da ya san zaɓin ɗan uwansa ba: ko ya riƙe amana, ko ya yi ha'inci. In duka suka riƙe amana, kowa maki 3. In duka suka yi ha'inci, kowa maki 1. In ɗaya ya riƙe, ɗaya ya ha'ince shi, maha'incin ya kwashi 5, mai amanar ya tashi a tutar babu.

Ku ɗan yi lissafin tare da ni. In abokin wasanka zai riƙe amana, ha'inci ya fi maka, domin 5 ta fi 3. In kuwa zai ha'ince ka, nan ma ha'inci ya fi maka, domin 1 ta fi sifili. Ta kowace fuska ka duba, wayo yana ce maka ka cuce shi. Shi ma wayonsa haka yake gaya masa. Sai ku tashi da ɗaya-ɗaya, alhali uku-uku na ajiye tana jiranku. In sau ɗaya za a yi wasan a rabu har abada, lissafi bai da wata mafita.

Amma ciniki ba sau ɗaya ake yin sa ba, kuma a nan labarin ya yi daɗi.

Wajen 1980, wani malamin kimiyyar siyasa a Jami'ar Michigan, Robert Axelrod, ya aika wa masana goron gayyata: kowa ya rubuto dabararsa a matsayin manhaja, a haɗa su gasa. Dabaru 14 suka iso, ya ƙara ɗaya mai zaɓe da ka, ba kai ba gindi. Kowace ta kara da kowace, zagaye 200 a jere. Wasu dabarun dogaye ne masu sarƙaƙiya, suna gwada abokin wasa, suna ɗan cuta su ga ko zai farga. Wadda ta ci gasar kuwa ita ce mafi gajarta a cikinsu, daga Anatol Rapoport na Jami'ar Toronto. Mu kira ta Mai Rama Daidai. Ƙa'idarta biyu ce tak: a zagayen farko ta riƙe amana, daga nan kuma duk abin da ka yi mata jiya shi za ta yi maka yau. Ba ni gishiri in ba ka manda. Ta tashi da matsakaicin maki 504, a wasan da in an riƙe amana daga farko har ƙarshe kowa zai sami 600.

Axelrod ya bayyana sakamakon, ya sake kiran gasa. A karo na biyu dabaru 62 suka zo daga ƙasashe 6, kuma kowa ya san wadda ta ci a baya, kowa ya shirya mata. Rapoport ya sake turo abarsa yadda take, ta sake cinyewa.

Abin da ya fi ɗaure mini kai a wannan labari shi ne, Mai Rama Daidai ba ta taɓa doke kowa a karawar gaba da gaba ba. Ba ma za ta iya ba. Tun da ba ta fara cuta, iyakacinta ta yi kunnen doki da kai, ko ka ɗan fi ta da 'yan maki. To yaya aka yi ta zo ta ɗaya? Domin duk wanda ya zauna da ita lafiya, su biyun suna tashi da kaya mai yawa. Masu wayon kuwa suna doke abokan karawarsu, amma a wasan da kowa ya tashi da ɗan kaɗan. A gasar farko, dabaru 8 da suka zo sama duk halinsu ɗaya ne: ba su fara ha'inci. Duk ɗan kasuwar da ya daɗe a Iddo ya san wannan ba tare da kwamfuta ba. Akwai mai son ya ci riba a kanka yau, akwai mai son ka dawo, kuma an san wanda rumfarsa ke daɗewa.

Akwai wani gyara da Axelrod ya yi a gasa ta biyu wanda ya kamata mata masu adashi su saurara da kyau. A gasar farko kowa ya san zagaye na 200 ne na ƙarshe, don haka wasu dabarun suka riƙa lallaɓawa har sai an kusa tashi, sannan su yi cuta, tun da babu goben da za a rama. A ta biyu sai ya ɓoye ƙarshen, babu wanda ya san yaushe za a tsaya. Matsalar adashi ke nan tun fil azal: wadda ta yi kwasar farko, me zai sa ta ci gaba da zubi? Abin da ke riƙe ta shi ne akwai wani adashin bayan wannan, uwar adashi ba ta mantuwa, kuma unguwa ɗaya ake zaune. Ranar da aka ji mai kwasar farko tana shirin tashi daga gari, ranar hankalin kowa ke tashi.

[Gajeren kiɗa]

Jama'a, har yanzu gasa muke magana. Inda abin ya koma yaɗuwar hali a cikin al'umma shi ne mataki na gaba. Axelrod ya ce, to mu ɗauka dabarun nan suna haihuwa. Wadda ta tara maki da yawa, 'ya'yanta su yawaita a zubi na gaba. Wadda ta sami kaɗan, nata su ragu. Ya bar kwamfuta ta juya wannan har zubi 1,000. Da farko dabarun da ba su da kan gado suka fara ƙarewa. Akwai wata mai suna Harrington, ita kaɗai ce mai fara cuta a cikin 15 na sama, kuma abincinta shi ne waɗannan raunanan. Ta yi ta bunƙasa har wajen zubi na 200. Da waɗanda take ci suka ƙare, sai ta rasa na ci, ta bi bayansu. Kura ce da ta cinye garken da take rayuwa a kansa. A ƙarshe filin ya koma hannun masu riƙe amana, Mai Rama Daidai na gaba. A 1981 Axelrod da masanin halittu William Hamilton suka fitar da wannan tunani a mujallar Science, a 1984 kuma littafin Axelrod a kan yadda haɗin kai ke tsirowa ya fito.

Wani abin da lissafinsa ya nuna ya shafe mu kai tsaye. In ka jefa mai amana guda ɗaya tilo a cikin taron maha'inta, zai hallaka, domin kowa zai ci shi a karon farko. Amma in ka jefa su 'yan kaɗan a dunƙule, yadda wani kaso na mu'amalarsu zai kasance a tsakaninsu, suna iya tsayawa da ƙafarsu har su mamaye wurin.

Ku riƙe wannan, mu waiwayi tarihin zamanmu a Kudu. A Iddo aka kafa tashar jirgin ƙasa ta Legas. Layin dogo ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Kafin nan fataken goro da jakuna suke zuwa Gwanja, tafiyar watanni. Da jirgi ya zo, kuma noman goro ya kama a ƙasar Yarbawa, a wurare irin su Agege da Ota, sai harkar ta juyo nan: huhunan goro su hau Arewa, shanu su gangaro Kudu. Kuma ko'ina Bahaushe ya sauka, bai watsu cikin gari ba. Ya yi zango, ya yi sabo, ya naɗa Sarkin Hausawa, ya gina masallaci. Zangon Agege haka ya samu, Sabo ta Ibadan ma an kafa ta a 1916. Ana yawan cewa wannan son zama da dangi ne kawai. Ni ina ganin har da lissafin ciniki a ciki, domin goro da shanu kaya ne da ba sa jira. Goro yana lalacewa, saniya tana ramewa, dole a sayar da sauri, dole a ba da bashi, bashi kuwa sai inda aka san juna.

Wani masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanta a 1969. Abin da ya gani a kara shi ne, mai shanu ya zo daga Arewa bai san kowa ba, mahautan gari kuma Yarbawa ne masu saye bashi, sai sun yanka sun sayar su biya. Baƙo da baƙo ke nan, wasan zagaye ɗaya, irin wanda lissafi ya ce ha'inci ne ƙarshensa. Abin da ya hana hakan shi ne maigida. Shi ke sauke mai shanu, ya ba shi masauki da abinci, dillalansa su nemo mai saye, shi kuma ya tsaya lamuni: in mahauci bai biya ba, maigida zai biya. Mai shanu na iya zuwa sau ɗaya a shekara, amma maigida da mahauci kullum suna tare. Dillalai sun san wane mahauci ne ke biya a kan kari, wane ne ke ja, wane ne bashi ya yi wa katutu. Babu takarda, ba a zuwa kotu. Maigida ya ɗauki cinikin da ba shi da gobe ya ɗaura shi a jikin cinikin da ke da gobe.

Masu kwamfuta ma sun iso wannan wuri a 1998, lokacin da Martin Nowak da Karl Sigmund suka gwada 'yan wasan da ba lalle su sake haɗuwa ba, amma kowanne yana ɗauke da shaidar abin da ya yi wa wasu. Suka ga taimako yana iya yaɗuwa in dai labarin mutum yana riga shi isa wuri. Wato abin da ake yi a kara tun kafin a haife su. Ban faɗi haka don raina aikinsu ba. Amfanin lissafin shi ne ya nuna sharaɗin: in yawan jama'a ya wuce yadda labari ke iya zagayawa, tsarin yana rushewa. Wannan gargaɗi ne ga birni irin Legas.

[Gajeren kiɗa]

Yanzu ga aibin Mai Rama Daidai, kuma babba ne. A gasar Axelrod babu kuskure: abin da manhaja ta yi niyya shi take yi, abin da aka yi mata shi take gani. Duniya ba haka take ba. Mota takan lalace a Jebba tumatir ya ruɓe, mai jiran kaya ya ɗauka an yi masa wasa da hankali. Kuɗi yakan maƙale a banki, mai kaya ya ce an ƙi biyansa. Ku sa irin wannan kuskure guda ɗaya tsakanin Masu Rama Daidai biyu, ku ga abin da zai faru. Wannan ta rama, waccan ta rama ramuwar, wannan ta sake ramawa, haka za su yi ta yi babu ranar tsayawa, alhali babu wadda ta yi niyyar cuta tun farko.

A 1992 Nowak da Sigmund suka zuba dabaru iri-iri a kwamfuta, suka sa kuskure a ciki. Da farko maha'inta suka cinye kusan kowa. Sai 'yan tsirarun Masu Rama Daidai suka taso suka karya su. Amma ba su ne suka gaji filin ba. Wadda ta gaje shi wata 'yar uwarsu ce mai sassauci, wadda in an cuce ta takan rama, amma kusan sau ɗaya cikin uku takan kau da kai ta ba da wata dama. Wannan kau da kan shi ke yanke igiyar ramuwa. Sai dai labarin bai tsaya nan ba. In zaman lafiya ya daɗe, masu yafe komai da komai sukan yawaita, tun da babu mai gwada su, daga nan ƙofa ta buɗe wa maha'inta su dawo. Abin yana juyawa ne, ba ya zama wuri ɗaya. A 1993 suka sake samo wata dabarar da ta fi jure wannan juyi: in abin da ka yi ya biya ka, maimaita, in bai biya ba, sauya.

Mu da ke zaune a nan mun san igiyar ramuwa ba a takarda ba. Idi-Araba a Fabrairun 2002, Mile 12 a Maris na 2016 har gwamnatin jiha ta rufe kasuwar na ɗan lokaci, Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021. Sau da yawa abin yakan faro daga saɓanin mutum biyu, kafin a ankara an daina tambayar wa ya yi, an koma tambayar ɗan wace ƙabila ne. A nan ne ramuwar mutane ta fi ta kwamfuta muni. Mai Rama Daidai wanda ya cuce ta take ramawa a kansa, kuma gwargwadon abin da ya yi. Mu kuwa mukan rama a kan wanda bai ji ba bai gani ba, mu kuma ƙara da riba. Bayan rikicin Shasha, haɗaɗɗiyar ƙungiyar dillalan kayan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda. Tumatir da nama suka yi tsada a Legas, a Arewa kuma farashin kayan gwari ya faɗi a hannun manoma. Kowane ɓangare ya ji a jikinsa, aka zauna, aka janye. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, abin lura shi ne an yi shi da iyaka kuma an bar ƙofar komawa ciniki a buɗe. Ƙone rumfa da zubar da jini ba su da wannan ƙofar.

Abin da ke damuna a yau shi ne yadda ciniki ke ƙara komawa na zagaye ɗaya. Waya ta sauƙaƙa abubuwa, babu musu. Amma yaro yana iya ganin kaya a Facebook ko WhatsApp, ya tura kuɗi ga lambar da bai san mai ita ba, ko mai kaya ya saki buhu saboda alat ɗin da daga baya za a gane na bogi ne. Wanda ya yi cutar ya jefar da layi ya sayi wani, ya dawo da sabon suna, babu shaidar da ke bin sa. Dattawa sukan ce yaran yanzu ba su da amana. Wataƙila. Amma ku sa kakanninmu a kasuwar da kowa ke iya sauya fuska kowace safiya, babu maigida, babu dillalin da ya san asalin kowa, ban tabbata za a ga bambanci mai yawa ba. Shi ya sa duk lokacin da aka tashi kasuwa aka watsa 'yan cikinta, asarar ba ta tsaya a rumfuna ba. Sanayyar shekaru ce ake watsawa, kuma ba a gina ta da siminti.

Kada kuma mu tafi da zaton duk haɗin kai alheri ne. A 2004 aka sake shirya irin gasar Axelrod, sai wata tawaga daga Jami'ar Southampton ta Ingila ta turo manhajoji 60. An koya musu wata gaisuwar sirri: 'yan zagayen farko za su yi wasu zaɓuɓɓuka a jere da za su sa su gane juna. Da zarar sun gane, ɗaya ta miƙa wuya ɗayar ta yi ta cin ta tana tara maki. In kuwa baƙuwa ce, su yi ta ha'intar ta don su ja ta ƙasa. Suka kwashe matsayi uku na sama, sauran 'yan uwansu da yawa suka tare a can ƙasan jeri. Haɗin kai ne, amma na haɗin baki. A 2020 kuma wasu masana tattalin arziki a Italiya, Emilio Calvano da abokan aikinsa, suka gwada manhajojin da ke koyon sa farashi da kansu. Babu wanda ya ce musu su haɗa baki, ba sa ma magana da juna. Duk da haka suka koyi riƙe farashi a sama, in ɗaya ta karya sauran su hukunta ta na ɗan lokaci, sannan a koma inda ake. Dabarar da muka yaba ɗazu ce, ramuwa da sassauci, sai dai wannan karon a kan mai saye take aiki. Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa ya zaga rumfa goma ya ji farashi ɗaya kamar an buga a takarda, a lokacin da kaya ke jibge a sito, ya san yadda abin yake a jiki. Teburin makin Axelrod na mutum biyu ne, ba a ware wa matar da ta zo awon wake da kuɗin cefanenta gurbi a cikinsa ba.

Jama'a, lokaci ya cim mana, a nan za mu dakata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

[Kiɗan rufe shiri]